Fantimotin Kaka

Fauziya na cusa takardun gwajin ɗanta Salim a sabuwar jakar taya da mijinta Abdel ya sayo a kasuwar Asiyeye, sai surukarta Hajiya Safina ta dire wani ɗan akwatin ƙarfe a gabanta.

“Zuba su a fantimoti, 'yar nan. Hadari ya haɗo.”

Abdel ya tuntsire da dariya. “Fanti me? Inna, kalmar nan ai ta girmi tashar jirgin ruwa. Kuma a Faransanci, abin rataya kwat ake kira haka.”

“Sannu, shehin malami,” in ji Hajiya. “Kakanka a Kumasi ya ji ta a bakin Turawan Ingila, yana fataucin goro. Su ma aro suka yi wurin Faransawan naka, tun ana nufin akwatin tufafin matafiyi. Da shi a hannu ya shigo Zango. Kai da me ka shigo?”

Fauziya ta dubi takardun. Wata uku ta yi tana jiran ganin likitan sikila, kuma an gaya mata in babu takardun nan, sai dai a sake ɗiban jinin yaron tun daga farko. Ta taɓa jakar: yadi ne. Ta ƙwanƙwasa akwatin. Ta kwashe takardu da magani ta mayar ciki.

“Haba, Maman Salim! Da wannan za ki shiga asibiti? Mutane fa!” in ji Abdel.

“Mutanen ne za su ba shi jini?”

Ba su kai bakin titi ba aka tsuge da ruwa. Kwata ta cika, lungu ya zama rafi, ko ɗan zemijan ɗaya mai haya da babur babu. Fauziya ta ƙara ɗaure goyo, ta lulluɓe shi da leda, ta aza fantimoti a ka. Abdel na biye, rungume da jakar kayan sawarsu, tayoyinta na kallon sama.

“Baban Salim, ja ta mana. Ba don haka aka yi tayar ba?”

A barandar asibiti ta buɗe murfin. Ko ɗigo bai shiga ba. Ma'aikaciyar jinya ta karɓi takardun ta kira sunan yaron.

Abdel na tsaye yana ɗiga, yana neman inda zai sa kwat ɗinsa. Fauziya ta tura masa akwatin da ƙafa.

“Rataya a nan, malam. Ka kula kada ka jiƙa mini shi.”