Injin Baba a Bakin Rami

"Ba za a ɗauka ba," in ji Baba. "Aro na bayar, kuma mai aro bai ce ya gama ba."

"Baba, barkononmu yana bushewa."

"Na ji ka tun jiya."

Muna tsaye a bayan garin Diffa, bakin wani rami da ya fi filin ƙwallo faɗi. Rodi duk sun yi tsatsa a cikinsa. A gefe ga injin ban-ruwanmu, an rufe shi da buhu.

Alhaji Maikano, dillalin barkono, shi ya sa aka haƙa ramin don harsashin gini. Ya kafa allo mai zanen bene hawa tamanin, kansa cikin gajimare. Wai daga sama za a hango tafkin Cadi. Da ruwa ya fara tsattsafowa daga ƙasa, Baba ya kwance injin daga lambunmu na Chétimari ya kawo. Alhaji ya yi masa alkawarin shago a hawan ƙasa.

Sai rikici ya zo. Aka hana kai barkono ƙetaren kogi zuwa Najeriya, ya lalace a sito. Injiniyoyi suka gudu. Mutane suka ce wanda ya hango Najeriya daga can sama, daga Najeriya ma za a hango shi, har da bindiga. Alhaji ya tafi Zinder, wai zai dawo bayan Sallah. Bai faɗi wace Sallah ba.

Duk Juma'a Baba yakan nemo ɗan fetur ya zuƙe ramin. Kafin Litinin ramin ya sake cika.

Meram, 'yar gudun hijira da ke wanki da ruwan ramin, ta ɗago kai.

"Malam Ari, ɗakina a hawa na nawa ne? Gwiwata ba ta son matakala."

Baba bai yi dariya ba.

Bana mun sake shuka. Maƙwabcin da ke ara mana inji ya tashi, kogi kuma yana ja da baya. Ni ke ɗibar ruwa da bokiti har kafaɗata ta kumbura.

Na jawo amalanken da na aro. Na yaye buhun. Na jira ya hana ni, bai hana ba. Meram ta bar wanki ta kama mini ɗaya gefen, muka ɗora.

Baba yana kallon allon. Rana ta cinye rabin benen, saura gajimaren.

"To in ya dawo gobe ya tarar da ramin a cike," in ji shi a hankali, "in ce masa me?"