Ragowar Maganin Baya

Likita ya canza mini maganin ciwon baya. Ya ce tsohon ya fara taɓa mini ƙoda, kada in ƙara sha. Ya rubuta sabo a takarda mai hatimi, irin wanda ba a bayarwa sai da iƙama, wato katin izinin zama, a hannu.

Ni Badaru, gadi nake yi a unguwar Madain Fahd, a ƙasa mai tsarki, tun ina da baƙin gemu. Kafilina, ubangidan da nake zaune a ƙarƙashinsa, ya yi mini inshora ranar da doka ta matsa masa. Ɗana Musbahu ne ya raka ni, don shi ke jin Larabcin asibiti.

Mai ba da magani ya duba kwamfuta. Ya ce kwalin da na karɓa farkon wata bai isa ƙarewa ba, kuma inshora ba ta biyan biyu a wata guda. In dawo da ragowar, su ba ni sabo.

Ragowar tana unguwarmu, Nuzla, na riga na rabar. Wasu na wurin Ɗan'azumi ɗan dako, wanda ya zo umara bai koma ba, ba shi da iƙama, ba ya iya taka asibiti. Sauran na wurin A'i mai ƙosai, da gwiwa ta hana tsuguno. A unguwarmu magani kamar gishiri ne, mai shi ba ya ɓoyewa.

Da na faɗa wa Musbahu, sai ya ja ni gefe.

"Baba, wallahi mamnu'u ne, doka ta hana! Ba maganin mura ba ne. Wanda ya ba wani, daidai yake da wanda ya sayar. Kurkuku, daga nan jirgi, a mayar da shi ƙasarsu."

"To ka ce na shanye."

"Su rubuta ka ɗan ƙwaya? Inshora ta cire ka, kafili ya ji."

"Ni? Ko goro ba na ci. Ka ce ya faɗi a mota."

"Sai da takardar 'yan sanda."

Wato in na sha laifi, in na bayar laifi, in na yar laifi. Halaccinsa kawai ya zauna a kwali.

"Yalla, Baba, mu je Nuzla mu karɓo abin da ya rage, shi ke nan."

Bayana yana suka kamar an kafa ƙusa. Na hango kaina tsaye a ƙofar A'i, da furfurata, ina cewa ta maido. Na ce masa a'a.

"Baba, sai ƙarshen wata fa, babu tsoho babu sabo. Ko ruku'u ba za ka iya ba."

"Zan yi salla a zaune. Kai ni gida. Ba zan karɓo ba."