Idon Hagu

Farantin takarda ne, irin wanda ake cin nama a kai a jefar, amma shekara talatin da ɗaya yana kunyata ƙanwata Glenda.

Dokar sansanin farautar dangin mijinta ke nan. Kowace kaka, kafin a buɗe harbin barewa, sai a kafe faranti a jikin damin ciyawa, kowa ya tsaya taki ashirin ya saki kibiya uku. Wanda ukunsa suka shiga, yana da dandamalinsa a kan bishiya. Wanda ya kuskure, ya tafi kicin. Glenda ba ta taɓa sa ko biyu ba. Makashiyar Ciyawa suke ce mata, har jikoki sun ɗauka. Mijinta Vern ne ke hawa da ita nasa dandamalin a kan tudu, ta zauna gefensa tana kallo.

Vern ya rasu da bazara, kuma a gindin wannan bishiyar ta zuba tokar gawarsa. Ba a yi wata biyar ba wansa Duane ya buɗe bakinsa mai warin taba ya ce doka doka ce: in ba ta ci faranti ba bana, dandamalin na surukinsa ne.

Ni na ja ta zuwa shagon tsoho Elmer, saura mako uku ranar faranti. Duk rayuwarta bakan da Vern ya gaji da shi take gada, ba ta taɓa zaɓar nata ba.

Bakuna sun cika bango, irin na zamani masu 'yan tayoyi sama da ƙasa. Elmer bai ko nuna mana su ba. Ya cire tabarau ya goge a riga, ya juya ga Glenda.

"Misis Kozak, miƙe hannuwanki gaba, ki haɗa su ki bar 'yar kafa a tsakiya. Yauwa. Leƙa hancina ta ciki."

"Elmer, baka muka zo saye, ba kallon hancinka ba," na ce.

"Ke Bernice, kin fi shekara hamsin kina kallonsa kyauta. Misis Kozak, jawo hannun a hankali zuwa fuskarki."

Hannuwan suka taho, suka sauka a kan idon hagu. Ya sa ta sake. Hagu. Ya sake sa ta. Hagu.

"Kibiyarki kullum gefen hagu take faɗawa, ko?"

"Wa ya gaya maka?"

"Idonki. Na hagu ne mai gida, na dama ɗan rakiya. Bakan mai hannun dama suka ba ki, kina ja da dama, idon hagu yana ƙwace saiti. Ko ni aka yi wa haka, ciyawa zan kashe." Ya mayar da tabaransa. "Da kina ƙarama, bahaguwa ce ke?"

Glenda ta dube ni. "An gyara ni," ta ce.

Na juya ina kallon bango.

Bakan bahago uku kacal ke shagon, can ƙurya, ƙura ta hau su. Na rantse ban taɓa ganin mai aiki da haƙurin tsohon nan ba. Ya tsayar da ita a jikin bango ya auna faɗin hannuwanta. Ya sassauta kusoshi ya rage nauyin ja, ya ba ta, ya karɓa, ya ƙara sassautawa. Na farko ya fi ƙarfin kafaɗarta. Na biyu kyakkyawa ne, ja wur, ni shi na so, amma in ta saki tsirkiya sai ya yi tsalle a hannunta.

"Kada ki zaɓa da ido," in ji Elmer. "Rufe su duka ki ja. Kafaɗa ce za ta gaya miki."

Na uku mummuna ne, launin taɓo. Ta rufe ido ta ja da hagu. Da ta kai tsakiya tayoyin suka juya, nauyin ya sake ta, ta tsaya cak da tsirkiya a gefen baki kamar wadda aka haifa a haka.

"Wannan," ta ce, ba ta ko buɗe ido ba.

Mako uku, kullum da safe tana bayan rumbu. Kafaɗarta ta kumbura, na shafa mata man zafi, ta koma. Faranti nawa ta lalata, ban sani ba. Shekara sittin da biyu, ga ciwon gwiwa, amma ko sau ɗaya ban ji ta ce wash ba.

Ranar faranti, maza goma sha ɗaya suka jeru da kofunan kofi.

"A janye karnuka!" in ji Duane. "A gaya wa ciyawa ta yi wasiyya!"

Suka kwashe da dariya. Glenda ta juya musu baya, don yanzu ta ɗaya gefen take tsayawa. Kibiya ta farko ta shiga tsakiya. Ta biyu ta kwanta kusa da ita har gashinsu na taɓa juna. Ta uku ta kama baki-baki, amma a ciki take, na je da ƙafata na duba kafin wani ya taɓa.

Duane ya tofar da yawu. "Bakunan yanzu ai su ke harbin da kansu."

"To ungo," in ji Glenda.

Ya karɓa yana yaƙe. Ya juya shi nan, ya juya can, ya ja da dama kamar yadda ya saba. Tsirkiya ta zabge shi a dantse, kibiya ta wuce damin ciyawar gaba ɗaya ta shige daji.

"Wannan bakan a juye yake!"

"Haka naku yake a hannuna," ta ce. "Shekara talatin da ɗaya."

Ta karɓi abinta. Dandamalin tudu nata ne, babu wanda ya sake ɗaga maganar. Amma haƙuri nake so a ba ta, da baki, a gaban kowa, kuma Duane ya sulale wajen tukunyar kofi yana murza hannu. Da aka zauna cin abinci na miƙe zan tare shi, sai Glenda ta riƙe min riga.

"Yaya, ƙyale shi. Ba shi ya fara ba."

Na zauna. Muciyar mamarmu ta faɗo min a rai, da ɗan hannun hagu na 'yar shekara biyar a kan tebur yana shan duka, da wadda aka ba muciyar aka ce ta kula da ƙanwarta. Na kula da ita kuwa da muciyar nan, ban taɓa fashi ba.

Glenda ta ɗebo wake ta zuba min. Cokalin yana hannunta na hagu, rabin waken ya zube a kan tebur. Na sa hannu na kwashe.