Kwalin Biskit na Yaya

Ranar da Yaya ta zo maɗaba'a da maganar kwali, Auta kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha don murna. Shekara da shekaru tana gasa biskit tana ƙullawa a leda, sai ga babban kanti ya ɗanɗana ya ce zai karɓa. Sharaɗi ɗaya aka gindaya mata: ta kawo shi cikin kwali mai suna ranar da aka sa mata, in ta wuce a ba wani gurbin. To wa za ta nufa in ba ƙaninta ba? Ita ta goya shi, ita ta share masa majina, yau ga shi da injin bugu da ma'aikata suna ce masa Maigida.

Auta kuwa akwai son a san ya sani. Ya jawo fallen kwali ya shimfiɗa a tebur ya hau karatu.

"Kin ga wannan, Yaya? Kwali fuska gare shi da baya. Fuskar fara ce mai santsi, tawada ta zauna a kanta ta yi sheƙi. Bayan kuwa ruwan toka ne, shanye tawada yake, ki sa ja ya koma kalar tsatsa. Mai hankali ba ya bugu a baya. Sannan duk hoton da kike gani kala huɗu ce, kowace da farantin bugunta. In ɗaya ta goce ko da silin gashi, hoto ya yi inuwa, aiki ya lalace."

"Kai dai ka sa sunana ya fito," in ji Yaya tana dariya. "Sauran kai ka san su."

Ya sayo mata kwali mai kyau, wannan kam a ba shi haƙƙinsa. Kwalin yana jingine a lungu cikin ledarsa sai tsautsayi ya faɗa wa wani aikin. Akwai mai kamfanin maganin ɓera, babban kwastoma, wanda ko tari ya yi sai maɗaba'ar ta girgiza. An buga masa kwalayensa, farantin ja ya goce, ɓeran da ke jikin hoton ya fito da ido huɗu. Mutumin ya zo ya yi ta kumfar baki, ya ce ko a sake masa kafin jibi ko ya kwashe aikinsa. Aka buga wa dillali waya, ya ce babu irin kwalin a kasuwa sai wani mako.

Auta ya dubi lungu. Bai daɗe yana dubawa ba ma, abin da ke cinsa ke nan har yau. Ya ce a kwance ledar Yaya, a sake wa mai maganin ɓera aikinsa da kwalinta.

Da lokacin nata ya matso, sai ya tsaya kan tarin fallayen ɓera da aka ƙi, ya juya ɗaya. Baya fes, ba ko ɗigo. Mai injin, dattijon da ba ya son yawan magana, ya ɗaga kai ya dube shi.

"Maigida, abinci ne fa."

"A leda yake, ba ya taɓa kwali. Buga."

Aka buga sunan Yaya a bayan kwali, aka yanka, aka naɗe, aka manne. Daga waje ga biskit ya fito dishi-dishi kamar an wanke shi. Daga ciki kuwa, kana buɗe murfi, ga ɓera ya yi rigingine ƙafafu sama, ga GUBA da manyan baƙaƙe, a kan fuska mai sheƙi. Auta ya aika direba da kayan, shi ya maƙale a ofis yana cewa ai ɗan'uwa rabin jiki ne, za ta fahimta.

Ya jira waya. Ya shirya amsa kala-kala: laifin dillali ne, laifin mai inji ne, za a sake. Wayar ba ta zo ba. Wallahi da ta kira ta zage shi tas da ya fi masa sauƙi. Abinci ya ƙi ciyuwa, matarsa ta tambaye shi ko ciki ne, ya ce zafi ne.

Ranar kai kaya da safe ya kasa daurewa, ya ɗauki mota ya nufi gidanta. Ya same ta zaune a ƙasa a falo, ƙafafu a miƙe, kwalaye sun kewaye ta. Ga almakashi, ga kwanon fulawa da ta dama ta yi kauri, ga farar takarda an yayyanka. Kowane kwali sai ta shafa wa cikinsa fulawa da yatsa, ta liƙa takarda a kan ɓeran, ta danne da bayan cokali. Yatsunta sun yi fari sun bushe, idanunta sun yi ja.

"A'a, Auta! Ka yi sa'a, ka zo a daidai. Zauna ka ci biskit mai zafi."

"Yaya, kwalayen nan..."

"Sun yi kyau. Maƙwabciya ta so ta yi min surutu, na ce ke me kika sani a harkar bugu? Yanzu haka ake yi, ba a zubar da kwali. Ɗauko min wancan."

Ya ɗauko. Kwalin ya yi sanyi a hannunsa, ya ɗan lanƙwashe. Shi ya san abin da danshi ke wa kwali, ya kuma san abin da yake wa farar takarda. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, amma maimakon ya buɗe baki sai ya hau loda kaya a mota da ƙwazo, kamar ƙwazon zai biya wani abu.

A kanti aka kai su wurin manaja, wata mata mai gilashi da saurin hannu. Tana ganin Auta ta washe baki, don rabin kwalayen da ke kan kantocinta daga maɗaba'arsa suka fito. Ta ɗauki kwali ɗaya, ta juya shi, ta ɗan yatsina fuska saboda kalar. Sannan ta buɗe murfi ta ɗaga shi wajen fitila.

Takardar ba ta gama bushewa ba. Ɓeran ya leƙo ta cikinta sarai, har da jelarsa.

"Innalillahi! Baiwar Allah, guba? A kwalin abincin yara?" Ta ajiye shi kamar ya ƙone ta. "Uwa ɗaya ta ga wannan an rufe mana kanti. Ba zan iya karɓa ba, gurbin kuma akwai mai jira. Wane mara tsoron Allah ne ya buga miki wannan?"

Auta na tsaye rungume da katan. Yaya ba ta ko kalli inda yake ba.

"Wani ne can bayan kasuwa," ta ce. "Ko sunansa ban riƙe ba."

"Ikon Allah! Ga ƙaninki, duk garin nan ba wanda ya kai shi iya kwali, kika tsallake shi kika tafi neman araha? Malam, kai ma ba ka yi mata faɗa ba?"

Nan ne wurin magana. Ya sani, Yaya ma ta sani. Ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa, "To, ai kin san manya."

"Kuskurena ne," in ji Yaya. "Ki yi haƙuri, mun ɓata miki lokaci."

Suka kwaso kayan suka fito ta tsakanin kantoci, ta gaban kwalayen maganin ɓera da ke jere suna sheƙi a kan kwalinta. A bakin mota ya tsaya, katan a hannunsa.

"Yaya..."

"Tallafe shi ta ƙasa," ta ce tana buɗe ƙofa. "Gindin ya jiƙe, kar ya zube a titi mutane su gani."