Na Biyu Daga Hagu

Karo na uku ke nan da Auta ta shimfiɗa jaridar a kan teburin sakatariyar gidan jaridar, ta ɗora yatsa a kan hoton, ta sake bayani daga farko. Hoton ma'aikata bakwai ne da suka fara shimfiɗa bututun ruwa a garin, an buga shi wannan makon a shafin tarihin unguwanni. Ɗaya daga cikinsu kakanta ne. Sai dai jaridar ta ɗauki fuskarsa ta ba wani mutum, sunansa kuma ta ajiye shi a ƙarƙashin wani siriri da babu wanda ya sani a gidansu.

Sakatariyar ta ce edita ya fita, mai kula da shafin kuma sai Laraba yake leƙowa. Ta ba ta shawara ta rubuto wasiƙa. Auta ta ce wasiƙa ba za ta sa mahaifinta ya ci abinci ba.

Baba yana wata biyu a duniya mahaifinsa ya rasu, bai bar ko hoto ɗaya ba. Sai shekara talatin da suka wuce wannan jaridar ta fara buga hoton, da sunaye a jere daga hagu zuwa dama. Baba ya ga sunan mahaifinsa ne na biyu daga hagu, ya ƙirga, ya sami wani ƙaƙƙarfa mai gashin baki. Ya kai aka yanko fuskar, aka ƙara mata girma, ya rataye a falo. Duk jikan da ya fara wayo sai an ɗaga shi ya gaishe da kaka. Tun shekaranjiya da ya ga sabon bugun yake zaune a ƙarƙashin hoton, yana cewa an ƙwace masa uba da rana tsaka.

Saboda haka ta rufe shagon ɗinkinta, ta bar kayan mutane a kan keke. Daga wajen sakatariya aka tura ta ɗakin talla, inda suka zaci sanarwar rasuwa ta kawo. Daga nan aka tura ta wurin wani ɗan rahoto, wanda ya saurare ta da rabin kunne, yana latsa waya, ya ce ai duk bakwai ɗin sun mutu, babu wanda zai kawo ƙara. Azahar ta wuce kafin mai shara ta ji tausayinta, ta nuna mata wata ƙofa a ƙarshen baranda.

Ɗakin ajiya ne, cike da tsofaffin jaridu da aka ɗinke shekara-shekara. Wani dattijo da ya yi aikin ɗab'i tun yana saurayi ne yake kula da shi. Ya ba ta kujera, ya bar ta ta gama faɗanta tas bai katse ta ba. Sannan ya hau benci ya sauko da kundin waccan shekarar, ya kuma zaro ainihin hoton daga wata ambulan, da sunayen a bayansa da rubutun hannu. Ya jera su a kan tebur tare da jaridar wannan makon, ya miƙa mata gilashin ƙara girma.

"'Yata, duba allon da ke bayansu a tsohon bugun. Karanta mini."

Ta duba. Haruffan a juye suke, kamar a madubi.

Ya bayyana mata a hankali cewa a wancan lokacin sai an sake ɗaukar hoto a fim kafin a kai shi inji. Idan mai aikin yana sauri ya kifa fim ɗin, hagu ta koma dama, sunaye kuwa suna nan yadda aka jera su. Bugun wannan makon shi ne daidai.

"Wane ne ya kifa shi, Malam?"

"Mu uku ne a ɗakin a lokacin," in ji shi, yana goge tabarau. "Biyu sun rasu."

Ta so ta yi masa masifa, ta rasa ta inda za ta fara. Ta mayar da gilashin kan siririn mutumin. Kunnuwansa manya ne, sun buɗe kamar hannun kofi, irin waɗanda take tsokanar yayyenta da su tun suna yara. Haka kuma yake karkatar da kai gefe guda, yadda Baba yake yi idan ana masa magana. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

Dattijon ya ce zai iya sa a buga bayani mako mai zuwa, da ban haƙuri. Ta ce a'a, kada a buga komai. Ta roƙi a yi mata babban kwafi na ainihin hoton, dukkansa, ban da sunayen.

Da la'asar ta sami Baba a inda ta bar shi, kwanon abinci a rufe a gefensa. Ya tambaya ko sun amsa laifinsu. Ta ce sun amsa, har sun ba da wannan. Ta hau kujera ta rataye sabon hoton kusa da tsohon.

Baba ya tashi da ƙyar, ya matso. Ya sami mai gashin bakin nan da nan, ya gyaɗa kai.

"To, sauran shidan fa, Auta? Me zan yi da su a falona?"

"Abokan aikinsa ne, Baba. Ya daɗe shi kaɗai a bangon nan."

Ya yi ɗan tsaki, ya karkatar da kai gefe guda, yana bin fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗauki kwanon ta tafi ɗumamawa, ta bar shi a tsaye.