Buɗin Ƙarya a Zagayen Ƙarshe

Tun a tsakiyar gasar wani abu ya fara cin ran Auta. Gasar ces ce ta duniya, wato darar Turawa mai sarki da doki da sojoji, a zauren wani otal, tebura jere, kowanne da allo da agogo, ba ka jin komai sai tari da ƙarar danna agogo. Shi da Yayansa suka hawo jirgi suka zo, ɗaki ɗaya suke kwana. Shaidar gwani Auta yake nema, kuma sai ya ci wasan ƙarshe zai same ta.

Abin da ya dame shi buɗi ne, wato jerin motsin farko da ɗan wasa ke shiryawa a ɓoye. Duk buɗin da ya shirya, sai ya tarar abokin karawarsa ya san shi. Kafin ya ɗauke hannu daga agogo an ba shi amsa, ba ko dafa goshi. Sau biyu ke nan.

Mutum ɗaya ne ke ganin shirinsa. Yaya ne ya koya masa tafiyar soja tun yana firamare, amma an daɗe rabon da Yaya ya ci shi. A nan ma yana can teburan baya, kusa da ƙofar banɗaki. Ga shi da shige-shige. Kullum wurin karin kumallo yana cikin baƙin 'yan wasa, da guntun yare da nunin hannu, ana ta dariya.

Da yamma aka liƙa jadawali. Auta zai kara da wani dattijo mai gilashi, wanda ya gani tebur ɗaya da Yaya da safe.

"Me kuke cewa da mai gilashin nan?" in ji Auta da suka koma ɗaki.

"Sukari ya miƙo mini. Ko shi ma sai da izininka, ranka ya daɗe?"

Auta bai yi dariya ba. Ya jawo ƙaramin allon Yaya, ya jera shi a kan gado.

"Gobe da sojan sarauniya zan buɗe. A nan in ba da doki."

"Kai da ba ka taɓa buga wannan ba?"

"Shi ya sa."

Ƙarya ce. Da sojan sarki zai buɗe. In mai gilashi ya rikice da ganinsa, to magana ta fito, an san mai kai rahoto. Ya fita ya zauna a matattakala, ya buɗe wayarsa, ya yi ta buga buɗin gaskiyar da baƙi a intanet, kamar yadda yake yi kafin kowane wasa don hannu ya saba.

Da safe ya farka ya ga Yaya a bakin taga, allo a cinya, ido ja.

"Akwai rami a buɗin nan naka. In ya ƙi cin dokin, ka mutu. Zo ka ga yadda za ka toshe."

"Naka wasan fa?"

"Nawa wa ya damu da shi? Zauna, malam."

Auta ya zauna yana kallon yatsun Yaya. So yake ya tabbatar wannan zan buga, ya ce a ransa.

A ƙofar zaure aka karɓe wayoyi. Auta ya gaisa da mai gilashi, ya tura sojan sarki, ya zuba masa ido. Dattijon ko gilashinsa bai gyara ba. Ya mayar da amsa nan take, ya sake, ya sake, kamar mai karanta abin da ya haddace.  Wannan buɗin kuwa babu mahalukin da Auta ya nuna wa. Kafin azahar sarkinsa ya rasa wurin tsayawa, ya tsayar da agogo ya miƙa hannu.

A gasa irin wannan, in an gama akan koma ɗakin gefe a sake duba wasan tare. Can dattijon ya ciro wayarsa da aka mayar masa, ya juyo ta. Shafin da Auta ke wasa ne a intanet, da laƙabinsa Baƙin Doki, da hoton da ya saka da kansa, yana rungume da kofi yana washe baki. A ƙasa wasannin jiya da yamma ne a jere, duk buɗi ɗaya.

"Kowa gani," in ji dattijon da guntun yare. "Ka rufe, yaro."

Sai a lokacin Auta ya ji mutum a bayansa. Yaya ne, an riga an cinye shi tun da wuri. Yana kallon allon.

"Sojan sarki," ya ce.

"Da safe na canza shawara, Yaya."

Yaya ya sunkuya ya duba wayar dattijon, ya ɗora yatsa a kan lokacin wasannin. 

A ɗaki kowa ya haɗa kayansa. Da Auta ya buɗe jakarsa zai saka takalmi, sai ya ga ƙaramin allon a ciki.

"Wannan ai naka ne."

"Riƙe," in ji Yaya yana jan zif. "Ka dinga shiri kai kaɗai."