Na'urar da Ta Iya da Hannun Baba

Auta ce ta matsa sai an je shagon masu na'urorin sauti, don Baba kam ya riga ya yanke hukunci. Ya ce faifan CD ɗin ne ya tsufa kamar mai shi, a bar su su ƙarasa tare.

Faifai ɗaya ne tak, babu wani irinsa a duniya. An naɗe shi tun zamanin da Baba ke busa sarewa a gidan rediyo, kuma a ƙarshen waƙa ta bakwai akwai wurin da ya yi kuskure, Inna ta fashe da dariya daga bayan ɗakin naɗar sauti. Yau shekara huɗu da rasuwar Inna. Shekara biyu ke nan kuma Baba bai ji dariyar nan ba, don da ya saka faifan a 'yar na'urarsa ta hannu, sai kiɗan ya dinga tsalle yana sarƙewa har ya haƙura ya kashe. Auta ta goge faifan da auduga, ta goge da gefen mayafi, a banza. Na'urar kuwa ba ya barin kowa ya kunna masa. Shi zai riƙe ta a ƙirji da hannu biyu, kamar za a ƙwace.

Shagon yana can ƙarshen layin masu gyaran rediyo, ɗan ƙuƙut, yana warin dalma da ƙura. Mai shagon, wanda kowa ke kira Injiniya, mutum ne mai furfura da tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. Ya jera musu na'urori biyar a kan kanta. Idon Auta ya tafi kan wata ja mai sheƙi.

"Wannan ta yi kyau, Baba."

"Kyau za mu saurara?" in ji Baba.

Injiniya kuwa hankalinsa ba a kan na'urorin yake ba. Hannun Baba yake kallo, hannun da ke rawa ba tsayawa tun da ciwon karkarwa ya kama shi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ara mini tsohuwar na'urar da faifan." Baba ya yi jim, sannan ya miƙa. Injiniya ya ajiye ta a kan kanta, ya jona ta da wata ƙaramar lasifika, ya danna. Sarewa ta fito sumul, ba tsalle ba gargada.

Nan Auta ta gane rawar hannun Baba ce ke sa kiɗan tsalle. Shekara biyu tana zargin faifai, ashe lafiyarsa ƙalau. Ta dubi Baba, ta ga shi ma ya gane, ya tura hannayensa biyu cikin aljihu kamar wanda aka kama da kayan wani. Tausayinsa ya kama ta har ta ji haushin kanta da ta kawo shi.

"To ai shi ke nan, Baba," ta ce da sauri. "A gida sai mu riƙa ajiye ta a tebur."

"Shekara talatin sarewa a hannuna take, ba a tebur ba," ya ce. "In sai an ajiye mini, na yafe. Kashe, Injiniya."

Injiniya ya kashe. Ya ture na'urorin nan biyar gefe, har da jar, ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya ɗauko wata mai ruwan toka, duk ta sha karce, da ɗan gilashi a murfinta inda ake hango faifai. Ko kyauta aka ba Auta a hanya, ba za ta waiga ba.

"Ni ba na zaɓa wa mutum da ido," ya ce. "Hannunsa nake ba wa, shi zai zaɓa. Amma ku fara ganin wannan."

Ya saka faifan, ya jona lasifikar ya kunna, ya ɗan jira, sannan ya kama na'urar ya girgiza ta kamar mai kaɗa maganin tari a kwalba. Auta ta kai hannu za ta tare shi. Sarewa kuwa ko gezau, tana ta tafiyarta.

"Duba gilashin, 'yata."

Ta duba. Faifan ya tsaya cak, ba ya juyawa, har tana iya karanta rubutun Inna a kansa. Kiɗa kuma yana ta fitowa.

"Ikon Allah," in ji Baba a hankali. "Daga ina yake fitowa?"

"Gaba take yi da karatu," in ji Injiniya. "Kafin ka ji, ita ta riga ta karanta na daƙiƙa arba'in ta riƙe a ka. In hanya ta yi gargada, sai ta ba ka daga abin da ta haddace, ta koma ta nemo inda ta tsaya. In ta cika kuma, sai ta huta da juya faifan, don kada batir ya ƙare."

Ana cikin haka faifan ya motsa, ya ci gaba da juyawa shi kaɗai. Auta ta ƙura wa na'urar ido. Abu bai fi farantin shayi ba, amma wani can da ba su sani ba ya zauna ya yi tunanin masu gudu da masu shiga mota, bai san har da hannun Baba ya yi wa aiki ba.

Injiniya ya cire lasifikar, ya jona abin sawa a kunne, ya miƙa. Baba ya daɗe kafin ya zaro hannayensa daga aljihu. Ya karɓa, ya manna ta a ƙirji, ya lalubi maɓallin har sau uku kafin yatsansa ya same shi. Ya kai waƙa ta bakwai.

Auta ba ta jin komai, sai kallo. Na'urar tana ta kaɗawa a hannunsa, wayar tana lilo. Minti ɗaya ya wuce, biyu, uku, bai kai yatsa wurin kashewa ba. Injiniya ya juya baya yana ta neman wani abu a cikin akwatin da babu komai.

Can sai kafaɗun Baba suka fara motsi, ba irin motsin ciwon ba. Dariya yake yi, hawaye na bin gemunsa. Ya zare abin kunne ɗaya ya miƙa wa Auta, hannun na rawa.

"Zo ki ji uwarki," ya ce. "Har yau ba ta daina yi mini dariya ba."